Wa Zai Tsare Ruwan Fadamar Maje

Kwarin Maje,
Yuni, 2024

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Mero, 'yar Kawu Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga ɗan uwansa ba. Ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Imran da iyalinsa. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya rufe ƙasa. Uwargida Anatu na fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa kasuwa ba. Ni kuwa kunnen nan ya ƙara nauyi, shi ya sa na daina ɗaga kiranki, kada ki ce girman kai ne. Sai ki yi ta zuba ni ina ta cewa na'am, ban ji komai ba. Na koma abin da na iya tun ina hedimasta: in rubuta da biro, in ɗauki hoton takardar, in turo miki ta waya.

Hajiya, magana ce ta taso wadda ta fi ƙarfin karatuna. Wani kamfani ya zo yana neman tudun da ke saman Fadamar Maje, tun daga tsohuwar hanyar shanu har kusa da maƙabarta. Wai masana'antar tace yuraniyom za su gina, don a samu man da ake zuba wa tashar lantarki ta nukiliya. Mai gari ya kafa kwamiti, aka ɗora ni a kai, ba don na san komai ba sai don na iya karanta Turanci.

Baƙi iri biyu sun zo mana. Na farko daga Abuja, hukumar tarayya mai ba da lasisin irin wannan aiki. Na tambaye su, in ruwan fadama ya ɓaci, ƙofar wa za mu buga? Suka ce fili da ruwa na jiha ne, su nasu abin da ke cikin katanga. Bayan su sai ga mutanen ma'aikatar muhalli ta jiha. Na yi musu tambayar nan dai. Suka ce duk abin da ya shafi nukiliya na Abuja ne, su takardar fili kawai za su sa wa hannu. Kowa ya sha kunun zaƙi ya hau mota ya tafi.

Ke ce kika ƙare rayuwarki a wannan aiki a ƙasar Turawa. Ki faɗa mini da Hausa, mene ne wannan abu? Kin san gonar raken da na gada daga Inna tana ƙasan tudun ne, kuma duk garin nan daga idon ruwan fadama muke sha.

Anatu na gaishe ki.

Bawanki, kamar yadda kike faɗa,
Almu


Woolwich, London,
Yuli, 2024

Bawana Almu ɗan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a kicin, shayina ya huce ban sani ba. Rubutunka na nan yadda yake, kamar an jera tsinken tsintsiya. Ina lafiya, sai hawan jini da GP ɗina, wato likitan unguwa, ke ta yi mini faɗa a kai. Imran na nan Marylebone yana aikinsa, yakan leƙo ni ranar Lahadi. Ka gai da Anatu, ka ce ta rage zama a ƙasa.

Tun rasuwar maigidana Abdulhakeem na koma ƙaramin flat, ciki da falo, a hawa na bakwai. Ta taga ina ganin kogi da jirgin fito yana kai da kawowa. Ruwan nan launin toka ne, ko tsuntsu ba ya marmarinsa. Da na karanta sunan Fadamar Maje sai na ji ƙamshin mazarƙwaila a hancina. Ka tuna dokin Malam Jatau da ke zagaya injin matsar rake an ɗaure masa ido? Ka tuna ranar da ka tsoma yatsa a tukunya tun ba ta huce ba, ka kai baki, ka yi mako kana karatun allo kamar mai tsamin baki? A kasuwar Woolwich ana sayar da rake a yanke cikin leda. Na taɓa saya sau ɗaya, na tauna, na zauna na yi kuka, ba don ya yi daɗi ba.

To, ga amsarka. Yuraniyom dutse ne, a cikinsa akwai mai nauyi da mara nauyi, kuma mara nauyin ake nema. Sai a mai da shi iskar gas, a zuba cikin injuna masu juyawa kamar mazarin kakarmu Iya Katumi, sai dai sun fi shi gudu nesa ba kusa ba. Juyawar ce ke ware su. Ba bam ba ne, ba ya fashewa irin na fim. Na yi shekaru ina sufeton nukiliya, na shiga irin wannan masana'anta a arewacin Ingila ba adadi, na ci abinci tare da ma'aikatanta, na ga shanu na kiwo a bayan katangarta. Ni dai ba na jin tsoronta, in har akwai mai tsaronta wanda ba ya jin tsoron masu ita.

Wannan "in har" ɗin shi ne duk maganar, Almu. Iskar nan in ta tsere ta haɗu da danshi takan zama abu mai ƙona huhu. Abin da ya rage bayan an tace kuwa, a manyan tankunan ƙarfe ake jera shi a fili, ya fi mu daɗewa a duniya, ya fi kamfanin ma. Lokacin da nake aiki, nakan sauka ƙofarsu ba sanarwa, in ce a buɗe mini, kuma in na ce a tsaya sai an tsaya. Abin da ya tayar mini da hankali a takardarka shi ne baƙinka biyu, kowa na nuna ɗan uwansa. Ruwa bai san katanga ba. Kada ku yarda a sa hannu a komai sai an auna ruwan fadama rani da damina tun ba a aza tubali ba, kuma sai hukumomin biyu sun rubuta a takarda ɗaya wanda ke da ikon rufe wurin.

Wai tsohon itacen majen nan da Iya ke kaɗi a gindinsa yana nan kuwa?

Uwar ɗakinka,
Mero


Kwarin Maje,
Agusta, 2024

Hajiya Mero,

Bayan sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ruwa ya yi yawa, katangar makaranta ta zube. Majen yana nan, rabinsa ya bushe.

Na kira taro a ajin firamare na karanta wa mutane takardarki. Na tsallake zancen yatsana. Akwai wani yaro Mutawakil, ɗalibina ne a da, ya yi digiri a kimiyyar sinadarai, ya shekara shida yana achaba. Kamfanin ya ɗauke shi ya riƙa yi musu magana da gari. Da na kai inda kika ce "ba na jin tsoronta" sai ya miƙe ya yi kabbara, samari suka kama tafi da buga benci. Ni kaina na sunkuye a kan takarda, kunne babu, na ci gaba da karatuna har ƙarshe. Da na ɗago, rabin ajin ya fita. Anatu ce ta gaya mini daga baya cewa ba wanda ya ji sauran.

Yanzu gari ya ɗauki maganarki. A tasha, a masallaci, a wurin masu shayi, zancen ɗaya ne: Hajiya Mero ta London, wadda Turawa ma ke jin maganarta, ta ce ba komai. Mutanen da suka ƙi sa hannu a kan gonakinsu na tudu sun fara sawa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma da na koma gida na sake karantawa, nan idona ya maƙale. Shanu na kiwo a bayan katanga, kin ci abinci da ma'aikata. Ki yi haƙuri, amma sai na ji kamar muryar kamfanin nake ji da rubutun 'yar kawuna. Ke kina hawa na bakwai kina shan ruwan famfo. Rabonki da garin nan tun jana'izar Kawu. Fadama a wurinki ƙamshi ce da labari, mu kuwa ita muke tuƙa tuwo da ita. Inna na kwance a maƙabartar nan, mahaifinki na kusa da ita, kuma taswirar da suka nuna ta sa katangar inda in an yi tari a masana'anta za a ji a kan kaburburansu.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto layi biyu, gajeru, waɗanda ba mai iya yanka su biyu. Ki ce abin nan guba ne, kada a yarda. In na samu wannan, zan bi gida gida da ƙafata.

Ina jira.
Almu


Kwarin Maje,
Oktoba, 2024

Hajiya,

Sallama. Allah ya sa lafiya. Mu muna nan. An fara yankan gero.

Waya ta nuna mini an buɗe takardata tun ranar da na tura, amma har yau shiru. Na sa Anatu ta kira ki, ba a ɗaga ba. Ana ta faɗa a gari wai kamfanin ya ɗauke ki mai ba shi shawara daga can. Na ƙaryata a gaban mutane. Na ƙaryata sau da yawa, har na fara jin kunyar muryata.

Jiha ta sa ranar jin ra'ayin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, farkon watan Disamba. Mutanen Abuja ma za su zo. Zan je in faɗi abin da na sani, wanda ba shi da yawa.

Tun muna yara in kin yi fushi ba kya magana, sai ki je bakin idon ruwa ki zauna har a aiko a ɗauko ki. In maganata ce ta yi zafi, na san ta yi. In kuma shirun nan shi ne amsar, to na ji, ko da kunnena.

Almu


Woolwich, London,
Nuwamba, 2024

Almu,

Wa alaikumus salam. Ba na lafiya, amma ina samun sauƙi, kuma wannan shi ne dalilin shirun da ka yi wa fassara iri iri.

Kwana kaɗan bayan takardata ta ƙarshe, na dawo daga Juma'a a Whitechapel, ina saukowa daga bas a bakin kasuwar Woolwich ana ruwa, ƙafata ta zame. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi mini aiki, wurin ya yi ruwa, aka sake buɗewa. Na yi makonni ban san safe ban san yamma ba. Imran ya karɓe wayata. Da takardarka ta Agusta ta shigo, shi ya buɗe. Ka san Hausarsa, yana ji in an faɗa, amma karatun rubutun hannu sai a hankali. Ya laluba ya tsinci layi ɗaya da ya gane, "gari ya ɗauki maganarki". Ya zo bakin gadona da murna ya ce, "Mum, Uncle says they took your advice." Wai kun bi shawarata. Na ce alhamdu lillahi, na juya na yi barci mai daɗi. Ta Oktoba kuwa ko buɗe mini bai yi ba, wai likita ya ce kada a dame ni. Sai shekaranjiya da aka sallame ni na karanta su biyun a jere. Yaron nan ya ga fuskata ya fita ya bar mini ɗakin.

Ban san kamfanin nan ba, ban taɓa magana da kowa a cikinsa ba. Na gode da ka ƙaryata. Da ka ƙaryata a zuciyarka ma da ya fi.

Ka ce fadama a wurina ƙamshi ce da labari. Wataƙila. Amma ka sani, da nake kwance a asibiti zazzaɓi na kaɗa ni, wata nas ta ce na yi ta kiran wani abu da ba ta gane ba, ta rubuta shi a takarda yadda ta ji don ta tambayi Imran. Cewa nake a miƙo mini ƙwarya in ɗebi ruwa. Na binne mijina a ƙasar nan cikin laka mai sanyi, ɗana na amsa mini da Turanci, jikokina ba su san ɗinya ba. Abin da ya rage mini wanda ba a fassara mini shi, wannan kwarin ne. Kada ka ƙara ce mini ba nawa ba ne.

Layi biyun da ka nema kuwa, ba zan rubuta ba. Ba zan ce guba ce kawai ba, don ba gaskiya ba ne, kuma Mutawakil ya yi karatun da zai gane. Ranar da ya kama ni da ƙarya ɗaya, duk sauran maganata ta mutu, har da wadda za ta cece ku. Yaron nan ba maƙiyinka ba ne. Shekara shida a kan babur da digiri a aljihu, ni ma da na yi tafi.

Ga abin da na yi. Na sa Imran ya zauna, ina faɗa yana bugawa, na aika wa hukumar Abuja da ma'aikatar jiha takarda iri ɗaya, na gaya musu ko ni wace ce da aikin da na yi, na nemi a bar ni in yi magana a taron Disamba ta bidiyo. Wata Dakta Nanret daga Abuja ta amsa ta ce ba laifi. Kai kuma ka samo farin bango da janareta, ka zauna a gaba inda zan gan ka.

Physio mai gasa mini ƙashi na zuwa sau biyu a mako, wata 'yar Ghana ce mai Hausar zango, tana ce mini "Hajiya, ka tashi ka yi tafiya." Council, wato ƙaramar hukumarmu ta nan, sun sa mini ƙarfen dafawa a banɗaki. Ina tafiya da sanda kamar Iya.

Har yanzu ina fushi da kai. Ka gai da Anatu.

Mero


Kwarin Maje,
Disamba, 2024

Uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na karanta takardarki na rasa inda zan sa kaina. Ba ni da abin cewa sai ki yafe mini. Anatu ta yi mini faɗan da ko kurma sai ya ji.

Ke kin ga taron ta ƙaramin allo, kuma layin ya yanke miki a tsakiya, don haka bari in ba ki yadda aka yi daga ɓangarenmu. Zauren ya cika har tagogi. Da fuskarki ta fito a bango, girmanta ya kai ƙofa, sai tsofaffin mata da ke baya suka ɗauki salati. Ba ke suka gani ba, Iya Katumi suka gani. Ni ma na ɗauke kai na ɗan lokaci. Ban san kin yi furfura haka ba.

Ban ji abin da kika ce ba, sakataren kwamiti ne ke rubuta mini a takarda ina bi. Da kika ce kin faɗa ba kya jin tsoron masana'antar kuma ba ki janye ba, samari suka yi ihu. Da kika ce amma a bar ki ki ƙarasa jimlar da aka yanke miki a watan Agusta, sai kowa ya kasa kunne. Sannan kika yi tambayar: in an auna ruwa ranar Talata aka ga ya canja, wa zai rufe ƙofar masana'anta ranar Laraba? Dakta Nanret ta ce in radiyeshan ne, wato gubar nukiliya, su ne. Daraktan jiha ya ce in sinadari ne, su ne. Kika ce, to kafin a gane wanne ne, mutane su sha ko kada su sha, kuma injin ya tsaya ko ya ci gaba? Daidai nan hotonki ya daskare, bakinki a buɗe, sannan ya ɓace.

Ba wanda ya yi dariya. Aka zauna ana kallon farin bango. Daraktan ya shiga jujjuya takardunsa. Sai matar nan Nanret ta jawo makirfo ta ce, da Hausarta ta Filato, gaskiya babu wata rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu da jiha a kan wannan, kuma ita ba za ta ba da shawarar a ba da lasisi ba sai an yi. Daraktan ya ce in haka ne su ma takardar fili za ta jira. Aka tsayar cewa za a shekara ana auna ruwan fadama da rijiyoyin gari, rani da damina, a riƙa manna sakamakon a bakin kasuwa da Hausa, kuma mutum biyu na gari su riƙa bin masu awon. Batun matsar da katanga daga maƙabarta sun ce za a duba. Ba su ce an fasa ba, Hajiya. Dakatarwa ce.

Ana shirin tashi Mutawakil ya miƙe. Bai kalli manyan baƙi ba, ni ya kalla. Sakatare ya yi jinkirin rubuta mini, sai da na matsa masa. Cewa ya yi, "Malam, kai ka koya mana mu yi karatu. Mun yi. Kai ka gama naka aikin kana hutawa. Mu shekara nawa kuma za mu ƙara a kan babur?" Na tashi in amsa, sai na koma na zauna. Tun ranar in ya gan ni sai ya sauya hanya. Wasu samarin sun daina gaishe ni. An ce na yi nasara, amma ban ji daɗinta ba.

An fara yankan rake. Na bana ya yi zaƙi.

Naki,
Almu


Woolwich, London,
Janairu, 2025

Almu bawana,

Wa alaikumus salam. Na yafe, kai ma ka yafe mini. Jiki da sauƙi. Jiya na taka har bakin kogi na dawo ba wanda ya riƙe ni, sanyi kamar zai tsinke kunne.

Da layin ya yanke na yi ta yi wa Imran tsawa kamar shi ya yanke shi. Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Kafin a fara, da aka juya kyamara ta zagaya zauren, na duba fuska bayan fuska, ban gane kowa ba sai kai. Garinmu ne, an cika zaure, kuma mutum ɗaya na sani. Ka rubuto mini sunayen matan nan na baya, da 'ya'yan wa da wa ne, ko da rabin waɗanda zan tambaya sun riga mu.

Maganar mutum biyu da za su bi masu awo, ga shawarata, in kwamiti ya yarda: kai da Mutawakil. Shi ya san yadda ake ɗibar ruwa a kwalba ba a gurɓata shi ba, kai kuma ka san kowace rijiya da wanda ya haƙa ta. Shi yana so a gina, kai ba ka so. In ku biyun kuka sa hannu a kan sakamako ɗaya, ba mai cewa an yi coge. Sai dai ya ajiye aikin kamfanin tukuna, kuma jiha ta ɗauke shi a kan wannan. Na rubuta wa Dakta Nanret na roƙe ta ta sa baki. Kai ne babba, kai za ka je gidansu, kada ka aika.

Ban sani ba ko za a gina abin nan ko ba za a gina ba. In an yi yarjejeniyar da kyau, wataƙila a gina, kuma ba zan ce an yi laifi ba. Amma tudun ba zai ƙara zama yadda muka san shi ba. Shi ya sa nake so in zo tun yana nan. Likita ya ce in bari sai bayan bazara. Na ce masa to, na dawo gida na yi booking na jirgin watan Afrilu. Imran ya yi ta faɗa da Turanci, da ya gaji ya ce shi ma zai biyo ni. Bai taɓa zuwa ba.

Kada a yi mini taro, kada a yanka komai. A share mini ɗakin Gwaggo kawai, wanda ke kallon fadama.

Mero


Kwarin Maje,
Fabrairu, 2025

Hajiya Mero,

Sallama da murna. Kowa lafiya. Anatu ta fara tanadin daddawa tun yanzu, kuma ta ce batun kada a yanka komai ki gaya wa wani.

Na je gidan su Mutawakil da ƙafata. Ya bar ni a zaure har na fara tunanin tafiya, sannan ya fito. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Amma ya rako ni har bakin hanya, kuma ya yi magana da ƙarfi don in ji.

Sunayen matan suna bayan wannan takarda. Ta uku Zarah ce, wadda kuke zuwa itace tare. Ta ce in gaya miki ita ta gane ki.

Ɗakin Inna kuwa, ruwan Agustan nan ya kayar da shi tare da katangar makaranta. Ba abin da za a share. Mun fara buga tubali a wurin, ƙofar za ta kalli fadama yadda take a da. Magini ya ce dokin ƙofa na dā ya yi tsawo ga mai sanda. Ki sa Imran ya auna iya inda ƙafarki ke ɗagawa ba ciwo, ki turo mini. Mun tsayar da aikin ƙofar muna jira.

Almu